Zaren da Maɓalli Ta Haɗiye

Shekara huɗu ina share aman Maɓalli
a shagona na Ƙofar Marusa,
har na iya karanta shi
yadda nake karanta awon mutum tun daga bakin ƙofa.

In ta ci ciyawar gindin randa
takan dawo da ita koriya, da 'yar kumfa,
ta lashe baki, ta haye yadin mutane.
In ta kwana tana lasar jiki
da safe sai dunƙulen gashi
kamar lagwanin tsohuwar fitila.
In ta yi gaggawar cin kan kifi
ya fito yadda ya shiga.
Duk wannan, toka ce da tsintsiya.
Kyanwar da ta yi amai ta nemi kwanonta
ba ta hana ni taka keke.

Ran Talata, saura kwana shida babbar sallah,
ɗinki ya kai mini wuya,
ta yi na farko da hantsi. Na zuba toka.
Na biyu kafin azahar. Na zuba toka.
Zuwa la'asar yatsun hannu ɗaya sun ƙare:
rawaya, sannan kumfa, sannan ba komai,
ciki kawai ke tashi yana faɗawa kamar zugazugi.
Na ajiye ruwa, ta kau da kai.
Na ajiye hanta. Maɓalli da hanta!
Ta shige ƙarƙashin keke ta dunƙule.

Inna Ladingo mai ƙosai ta ce manja.
Bishir, yaron shago, ya ce madara.
Wani mai jiran wandonsa ya zaro farasitamol.
Hannuna har ya miƙa.
Ban san abin da ya dawo da shi ba.

Da asuba na ɗaga fatar wuyanta na saki,
ta tsaya cak, kamar ƙyallen da ya sha sitaci.
Na buɗe bakin. A bushe.
Can ƙarƙashin harshe, wani abu shuɗi:
zaren aikin rigar Alhaji Mamuda.
Tela ya ga bakin zare, me zai yi in ba ja ba?
Na ɗan taɓa. Kukan da ta yi
ban taɓa jin irinsa a bakinta ba.

Na naɗe ta a ragowar shadda, na tari Keke Napep.
A asibitin dabbobi raguna ne layi guda,
masu su suna dubana, suna duban ƙunshina.
Ɗaya ya ce, “Malam, da ita za ka yi layya?”

Dakta Murjanatu ba ta yi dariya ba.
Ta ce, “Ka ja?”
Na ce, “Kaɗan.”
Ta ce, “Kai tela ne. In za ka tattara siket yaya kake yi?
Ka ja zare, yadi ya tattare.
Haka hanji ke yi, sai zaren ya yanka shi.
Ƙwayar nan kuwa, guda ɗaya ta isa ta kashe ta.
In ta yi sau ɗaya ta tashi ta ci, sa mata ido.
In ta yi ta maimaitawa, ko ka ga jini,
ko ta ƙi ruwa, ko ta nemi lungu,
kar ka bari ta kwana da shi.”

Na bari ta kwana da shi. Ban ce komai ba.

Da aka fito da ita, ciki a aske,
na duba ɗinkin: tara ne, biyu sun ɗan karkace.
Wannan ma ban ce komai ba.
Zaren suka ba ni a leda, kamu uku da rabi.

Alhaji Mamuda da tsohuwar riga ya je idi,
har yau gaisuwarmu gajera ce.
Zarena yanzu a gwangwani yake kwana, da murfi.

Yau da safe ta sake amayar da ciyawa.
Na tsaya da toka a hannu, ban zuba ba,
sai da na ji harshenta a kwanon ruwa.